I7 Ko I5? Yadda Na Kusa Zubar Da Kuɗin Adashina Wajen Sayen Kwamfuta A Adjamé

Ranar wata Laraba da dare kwamfutata ta cika, ina tsakiyar shigar da makin yaran ajina na CM2. Allon ya yi fari, ya koma baƙi, shi ke nan. Ban yi mata baki ba, don ta yi mini wahala. Shekara tara tana hannuna, tun ina ɗalibi a CAFOP na saye ta, kuma ko a lokacin ta riga ta ga jiya. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne saura sati biyu in miƙa wa darakta sakamako, ga takardun gwaji da nake buga wa yara masu shirin CEPE, ga kuma darasin dare da nake yi wa wasu 'yan kasuwa manya da ke koyon karatun Faransanci. Duk da ita nake yi.

Allah ya taimake ni, a watan ni ke da kwasar adashin malamai, sefa 250,000, wato jika 250 a lissafinmu na gida. Maiɗakina ta daɗe da ɗora ido a kan kuɗin don firji. Sai da muka yi zama biyu kafin ta haƙura, da sharaɗin cewa wadda zan saya ba za ta mutu a shekara biyu ba. Wannan sharaɗi shi ya yi ta yi mini yawo a ka har na gama cinikin.

Abu ɗaya na yanke tun daga gida: siririya nake so, marar nauyi. A Treichville nake zaune, a Adjamé nake koyarwa. Kullum sai na haye gadar Houphouët-Boigny, na ratsa Plateau a bas ɗin SOTRA, sau da yawa a tsaye, hannu ɗaya a ƙarfe, jaka a kafaɗa. Tsohuwar tawa da cajarta sun fi kilo biyu da rabi, ga littattafan yara a kai. Wanda bai taɓa ɗaukar wannan kaya da ƙarfe shida na safe ba ba zai gane abin da ya sa kilo ɗaya ke da daraja ba.

Asabar da hantsi na shiga Black Market. Duk wanda ya san wurin ya san ba a shigarsa da gaggawa. Tun daga baki 'yan kamasho ke tarbarka, wannan ya ce waya, wannan ya ce caja, wani da Julanci, wani da Faransanci, wani ya dubi hularka ya juya harshe zuwa Hausa nan take. Yawancin kwamfutocin da ke wurin irin waɗanda muke kira “France au revoir” ne, waɗanda ofisoshin Turai da Amurka suka yi aiki da su shekara uku ko huɗu suka sauya. Wannan ba aibi ba ne. Kwamfutar ofis ta hannu sau da yawa ta fi sabuwar roba ƙwari.

A wani shago, da na faɗi abin da nake so, mai shagon ya ciro guda biyu ya jera a kan gilashi. Launi ɗaya, kauri ɗaya, kamar Hassan da Husaini. Ya ɗora yatsa a kan 'yar takardar da ke manne kusa da madannai.

“Mushe, wannan i7 ce, jika 190. Wannan i5, jika 165. Kai malami ne, aikinka da yawa, ɗauki babbar ka huta.”

Ya kunna su ya nuna mini: a jikin i7 an rubuta 2.80GHz, a jikin i5 an rubuta 1.70GHz. To, ni malamin lissafi ne, 7 ta fi 5, 2.80 ta fi 1.70. Wallahi har na ciro waya zan tura kuɗi ta Wave. Sai na tuna alkawarin da na yi wa ɗan kawuna, wani yaro mai gyaran kwamfuta a Treichville, cewa ba zan biya ko dala ba sai na kira shi.

“Yaya, karanto mini lambar duka, ba i7 kawai ba.”

Na karanta: i7-7600U. Ɗayar kuma i5-8350U.

“Ajiye babbar. Ƙaramar ta fi ta. In ya matsa maka ka ce za ka je salla.”

Kuma da gaske azahar ta yi. Na nufi babban masallacin Adjamé da ke kan titin Nangui Abrogoua, kuɗina na nan daram, kaina a ɗaure.

Abin da yaron nan ya fahimtar da ni daga baya, da wanda na bi na karanta da kaina, shi ne dalilin wannan rubutu, don na san cikin masu karatu akwai ɗalibai da 'yan kasuwa da iyayen yara da za su tsaya gaban irin wannan gilashi.

Firosesa ita ce ƙwaƙwalwar kwamfuta, kuma sunanta kashi uku ne. Kashi na farko, i3 ko i5 ko i7, matsayi ne a cikin aji, kamar a ce wane ya zo na ɗaya, wane na biyar. Kashi na biyu, lambar da ke biye, ita ke faɗin ajin kansa, wato zubin da aka yi ta, abin da masu shago ke kira jenerasiyon. Yaron da ya zo na ɗaya a CE1 ba zai ja da na biyar a CM2 ba. A 7600U zubi na 7 ne, a 8350U zubi na 8. Daga zubi na 10 zuwa sama lambobi biyu na farko ake dubawa: 10210U zubi na 10, 1135G7 zubi na 11, 1235U zubi na 12. Kashi na uku harafin ƙarshe ne. U na nufin mai tsimin wuta, irin wadda ake sa wa siraran kwamfutoci, wajen wat 15. H na nufin mai cin wuta da yawa, ta masu wasanni da zanen gine-gine, wadda ke son babbar fanka da babbar caja. Mai neman siririya ba ruwansa da H.

Ba kowane zubi ne ke ba na bayansa tazara mai yawa ba. Amma tsakanin 7 da 8 akwai rami. A cikin firosesa akwai abin da Faransawa ke kira zuciya. Ka ɗauka malamai ne da aka tara su gyaran takardun jarrabawa. Har zuwa zubi na 7, irin waɗannan i5 da i7 masu harafin U da ke cika kasuwa zuciya biyu ne da su. A 2017, shekarar da kamfanin AMD ya fito da Ryzen, Intel ya ninka su zuwa huɗu a zubi na 8. Ke nan i7 ɗin da aka nuna mini malamai biyu ne, i5 ɗin kuma malamai huɗu. Ita kuwa 1.70GHz da ta ruɗe ni, saurin tafiyar yau da kullum ne. In aiki ya taso 8350U na hawa har 3.6, ita kuma 7600U har 3.9. Malaman biyu sun ɗan fi saurin hannu, amma ka ba su takardun aji uku ka ga wa zai riga tashi.

Akwai kuma maganar da ta fi wannan nauyi. Ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10, sai dai wanda ya yi rajistar ƙarin wa'adin gyaran tsaro zuwa Oktoban 2026. Windows 11 kuwa, in ban da wasu 'yan tsiraru, ba ta karɓar Intel ɗin da bai kai zubi na 8 ba, a ɓangaren AMD kuma, ga siraran kwamfutoci, daga Ryzen 3000 take farawa. Za ka ga kwamfuta zubi na 6 ko na 7 tana nuna Windows 11 a kasuwa. Ta taga aka shigar da ita, kuma Microsoft ya faɗa ƙarara cewa bai ɗauki alkawarin ci gaba da aika wa irinsu gyara ba. Ga wanda ke shiga asusun banki ko yi wa yara rajistar makaranta ta intanet, wannan ba abin wasa ba ne. Wanda ya riga ya mallaki zubi na 7 kada ya yar, yana iya sa mata Linux ta ci gaba da yi masa aiki. Amma a ce yau ka ƙirga jika 190 ka saya? A'a.

Kada kuma ka dogara da sunan kwamfutar kaɗai. EliteBook 840 G5, ThinkPad T480 da Latitude 7490 duk an san su da zubi na 8, amma kowacce a cikinsu an fitar da wasu da i5-7300U a ciki, mai zuciya biyu. Riga ɗaya, mutum daban. 'Yar takardar da ke manne ma ana ɓare ta a manna wata. Abin yi shi ne ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, ka shiga shafin “Performance”, ka karanta sunan firosesa da yawan zuciyarta da idonka. Minti ɗaya ne. Ban ce mai shagon nan ya yi niyyar cutata ba. Mai yiwuwa shi ma a haka ya saro, i7 da tsada, i5 da araha, don haka kasuwa ta saba.

Lahadi da yamma na je wurin ɗan kawun nawa, wani ɗan lungu ba nisa da Rue 12, inda yake zaune tsakanin gawarwakin kwamfutoci da ƙamshin dalma. Na saya mana garba a hanya, abincin da ake cewa sunan wani ɗan'uwanmu ya ci, muka zauna muna ci yana yi mini darasi. Abin kunya, yaron da na koya wa raba lamba da hannuna.

Shi ya fara kawo maganar AMD. A nan Abijan mutane da yawa na gudun AMD, wai tana zafi. Ya ce wannan labarin da ne, na kafin Ryzen. Tun daga jerin 4000 na 2020, Ryzen 5 na siraran kwamfutoci zuciya shida ke gare ta, lokacin da i5 da i7 na zubi na 11 masu G7 ke da huɗu. Kuma saboda wannan tsoro na mutane, sau da yawa takan fi sauƙin kuɗi a shago.

Sai dai AMD ma tana da nata ruɗanin. Ya ɗauki biro ya rubuta mini lambobi biyu a bayan wata takarda: 7520U da 7530U. Dukansu Ryzen 5, bambancin lamba ɗaya tak. Ta farkon zuciya huɗu ce, a kan tsohon gini na Zen 2, kuma ram ɗinta a like yake, ba a ƙarawa. Ta biyun zuciya shida ce a kan Zen 3. A jerin 7000, lamba ta farko shekarar fitowa take nunawa, lamba ta uku ita ke faɗin ginin da ke ciki. Don haka Ryzen 5 5600U ta 2021 ta fi 7520U ƙarfi nesa ba kusa ba, duk da 7 ta fi 5. Karo na biyu ke nan a sati ɗaya da lissafin firamare ya ba ni kunya.

Na tambaye shi, to idan zubi ɗaya ne fa, i5 da i7? Ya ce in ɗauki 1135G7 da 1165G7. Dukansu zuciya huɗu. I5 na hawa 4.2GHz, i7 na hawa 4.7, da ɗan ƙarin ma'aji da ɗan ƙarin ƙarfin hoto. A takarda akwai bambanci. A cikin siririn kwano kuwa, zafi ne alƙali. Firosesa in ta yi zafi da kanta take rage gudu don kada ta ƙone, kuma wadda ta fi hawa sama ita ke riga ɗaukar zafi. Turawan da suka gwada su a ofis mai sanyi suka gwada. Ajina ba fanka, kwanon rufi na tafasa tun ƙarfe goma sha ɗaya, ga gumin Abijan da bai san rani da damina ba. A irin wannan wuri, bayan 'yan mintoci na aiki mai nauyi, i7 da i5 sukan dawo kusan sahu ɗaya. Bugu da ƙari, ita 1135G7 ɗin kanta ana iya saita ta daga wat 12 zuwa 28, kamfanin da ya ƙera kwamfutar shi ke zaɓa gwargwadon fankar da ya sa. Kwamfuta biyu masu firosesa iri ɗaya sak, ɗaya na gudu ɗaya na rarrafe. Wannan ba a rubuta shi a jikin kowace takarda. Sai ka kunna, ka buɗe bidiyo da shafuka goma da babban teburin lissafi, ka bar ta minti goma, ka sa tafin hannu a ƙasanta, ka saurari fanka.

Ra'ayina, bayan duk wannan: ga malami, ɗalibi, ko ɗan kasuwa mai lissafin kaya, kuɗin da za a ƙara don i7 gara a zuba shi a ram. Giga 8 na ɗaukar aiki, amma da ƙyar in shafuka suka yi yawa. Giga 16 kwanciyar hankali ce. A tambaya ko ana ƙarawa, don wasu sirara irin su X1 Carbon ram ɗinsu a like yake har abada. Kuma sanda biyu sun fi sanda ɗaya, ko da jimillar ɗaya ce. A zubi na 11 ma, hoton da ake kira Iris Xe ba ya ba da cikakken ƙarfinsa sai da sanda biyu.

Akwai sababbi fil a kwali masu Celeron a farashin da ya yi kusa da nawa. Kyan ɗan maciji. Na ga MacBook Air mai M1 ta 2020, ba fanka, batir kamar raƙumi, na yaba, na tambayi kuɗi, na yi gaba.

Asabar ta biyu muka koma Adjamé tare, shi a gaba ni a baya kamar ɗan rakiya. Muka zagaya shago biyar. A ƙarshe zaɓi ya tsaya tsakanin biyu, a wurin wani dattijo mutumin Tawa da ya bar mu muka yi gwaji son ranmu, har da kujera da ruwan sanyi. Ɗaya EliteBook 840 G8 mai i5-1135G7 da giga 8, jika 240. Ɗaya EliteBook 845 G7 mai Ryzen 5 PRO 4650U, zuciya shida, ita ma giga 8, jika 215. Dukansu na 2020 ne a firosesa, dukansu na karɓar Windows 11 ta ƙofa, dukansu ba su kai kilo ɗaya da rabi ba, dukansu ana ƙara musu ram. Nan ne zaɓin gaskiya yake, don babu wadda za a ce mata banza.

Intel ɗin ta ɗan fi zafin nama a aiki guda, buɗe takarda, buɗe shafi. Mai yanka bidiyo don TikTok ko wa'azin malamai zai ji daɗinta. Ryzen ta fi ɗaukar kaya da yawa lokaci guda. Aikina kuwa Word, Excel, takardu, wani lokaci darasi ta bidiyo. Gaskiya ko wacce na ɗauka ba zan ji bambanci ba, kuma ɗan kawuna bai ɓoye mini hakan ba.

“Yaya, firosesa ta gama magana. Yanzu batir za mu tambaya.”

Ya buɗe baƙin allon umarni ya rubuta powercfg /batteryreport. Takardar da ke fitowa na nuna lambobi biyu, abin da batir ke ɗauka ranar da ya fito daga masana'anta da abin da yake ɗauka yau. Na Intel ɗin ya zube ƙasa da kashi biyu cikin uku. Na Ryzen bai yi nisa da sabo ba. Ya sake kunna kowacce ya shiga BIOS don ya tabbatar ba a kulle da kalmar sirrin tsohon ofis ba, don irin wannan kulli na iya mayar da kwamfuta faranti. Ya duba cajar ko ta asali ce. Ni kuma na duba abin da ya dame ni, wato madannai. Intel ɗin QWERTY ce, daga Amurka ta fito, an lilliƙa mata takardun haruffa. Ryzen ɗin AZERTY ce ta asali, da é da è da ç a wurarensu. Wanda zai buga jarrabawar Faransanci kowane wata ya san abin da nake nufi. Su ɓ da ɗ da ƙ namu kuwa babu su a jikin ko ɗaya, amma Windows na da tsarin madannan Hausa da ake ƙarawa, da shi nake wannan rubutu.

“Alhaji, a yi mana ragi, almajiranka ne.”

“Malam, albarkacin yaran da kake koyarwa, kawo 205. Ƙasa da haka na ci uwar kuɗi.”

Na biya. Na roƙe shi ya rubuta mini rasit da lambar jikin kwamfutar da sunan firosesa cikakke da garantin wata ɗaya, ya rubuta ba musu, ya buga hatimi. A cikin canjin muka sayi sandar ram ta biyu mai giga 8, ɗan kawuna ya kwance bayanta ya sa a nan gaban shagon, ya ƙi karɓar ko sisi sai kuɗin woro-woro.

Faifan tsohuwar bai mutu ba, ashe. Yaron ya ciro shi ya sa a wani ɗan gida mai waya, makin yarana 64 suka fito cif. Na miƙa sakamako ranar Alhamis, saura kwana ɗaya wa'adi ya cika. Jika 20 da suka rage na damƙa wa maiɗakina a matsayin kafin alƙalamin firji. Ta ƙirga, ta ɗaga sabuwar kwamfutar da hannu ɗaya ta jinjina, ta ce wannan 'yar abar ce ta cinye mata firji? Na ce ita ce. Ta ce to ta rubuta ranar, shekara biyu za ta fara ƙirgawa daga yau.